Yadda Malamin Turanci a Ƙasar Waje Zai Gane Lokacin Zama da Lokacin Tashi

Matasa da dama daga jihar Kebbi waɗanda suka karanta Turanci, ko a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, sun gano cewa harshen da suka sha wahalar koyo yana da kasuwa a ƙetaren iyakar Nijeriya. Wasu sun bi ta Kamba sun shiga Gaya, daga nan suka wuce Dosso ko Yamai suna koyarwa a makarantu masu zaman kansu. Wasu sun sami gurbi a Saudiyya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wasu kuma tafiya ta kai su har Turkiyya da Tailan da Biyetnam. Akwai kuma waɗanda gwamnatin tarayya ke turawa a ƙarƙashin shirinta na taimakon ƙwararru da aka kafa a 1987, wanda ke aika malamai da likitoci da sauran ma'aikata zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Pasifik na tsawon shekara 2.

Samun irin wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa shawarwarin da ake bayarwa suka fi karkata ga yadda za a same shi. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne halin da malami ke shiga bayan ya samu: albashi yana shigowa, ɗalibai suna girmama shi, a gida ana ta sa masa albarka, amma kafin shekara ta zagayo sai ya ji zaman ya ishe shi, ya koma duba tallan aiki a wata ƙasa kowane dare. Wani ya tashi ya koma can, bayan wata shida zuciyar ta sake raya masa cewa ai alherin yana gaba. Wannan bayani an yi shi ne domin malami ko malamar da ke cikin wannan hali, ko wanda ke shirin fita, ya san yadda zai auna abin da ke damunsa kafin ya sa hannu a sabon kwantiragi ko ya ajiye wanda ke hannunsa.

Daga ina rashin natsuwar ke fitowa

Abu na farko shi ne ka daina ɗaukar wannan gundura a matsayin aibin kanka kai kaɗai, domin tsarin aikin da kansa yana haifar da ita. Yawancin makarantun da ke ɗaukar baƙin malaman Turanci suna ba da kwantiragin shekara 1 ne ko 2, wanda ke nufin cewa kowace shekara sai an sake tambayarka ko za ka zauna, kuma kai ma sai ka sake tambayar kanka. Malamin da ke aiki da ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi ba ya fuskantar wannan tambaya. Yana da mataki, yana jiran ƙarin girma, yana hangen fansho, ko da kuwa albashin ba ya kai shi ƙarshen wata. Baƙon malami kuwa sau da yawa babu tsanin da zai hau. Darasin da ya koyar bara shi zai koyar bana, ga sababbin fuskoki, a kan albashin da bai canza ba, kuma abokan aikin da ya saba da su sun tattara sun tafi.

A kan wannan akwai ƙarin nauyi ga mai riƙe da fasfon Nijeriya. Kasuwar koyar da Turanci ta duniya tana fifita waɗanda take ɗauka a matsayin masu harshen na asali, har wasu ƙasashe sun sa abin cikin doka. Koriya ta Kudu, alal misali, tana ba da bizar koyar da Turanci galibi ga 'yan ƙasashe 7 ne, wato Amurka da Birtaniya da Kanada da Ayalan da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. A wuraren da doka ba ta hana ba, sai ka tarar malamin da ya yi digiri a kan Turanci da adabinsa, ya kuma koyar shekaru a gida, yana karɓar ƙasa da abin da ake biyan wani yaro da ya yi kwas na makonni, don kawai ƙasar da aka haife shi. Wannan rashin adalci ne na gaskiya, kuma ba daidai ba ne a ce wa wanda ya ji zafinsa wai rashin godiya ke damunsa. Sai dai ya kamata ya sani cewa sauya ƙasa ba lallai ya raba shi da wannan ba, domin zai iya tarar da shi a can ma yana jiransa.

Sai kuma waya. Zaurukan WhatsApp na malaman Nijeriya mazauna waje suna da amfani ƙwarai wajen sanin mugun dillali da makarantar da ba ta biya, amma a nan ne kuma kowa ke faɗin albashinsa ba tare da faɗin kuɗin hayarsa ba, ya sa hoton inda ya je shaƙatawa ba tare da na ɗakin da yake kwana ba. Wanda ke karanta irin waɗannan saƙonni kullum bayan isha'i, da wuya ya kwana yana ganin inda yake da daraja.

Ka yanke wa tafiyar damina

Mutanen ƙasar Kabi da Gwandu da Yawuri ba baƙin tafiye-tafiye ba ne. Kakanninmu sun yi cin rani: idan an kammala kaka an killace hatsi a rumbu, sai magidanci ya nufi Kurmi ko Gwanja ko wani birni ya yi sana'a, da zarar hadari ya fara haɗuwa kuma ya kamo hanyar gida, domin gona tana jiransa. Abin da ya tsare ɗan cin rani daga ɓacewa a duniya shi ne ya san abin da ya fita nema, ya kuma san lokacin da tafiyar za ta ƙare, ba don shi ya zaɓa ba, sai don damina ba ta jiran kowa. Malamin Turanci ba shi da daminar da za ta kira shi, saboda haka wajibi ne ya yanka wa kansa ita.

Yadda ake yi shi ne ka zauna kafin ka tafi, ko yau ɗin nan idan ka riga ka tafi, ka rubuta a takarda abin da ya fitar da kai, kuma ka rubuta shi ta yadda za a iya gane ranar da ya cika. "Neman rufin asiri" ba ya ƙarewa, don haka ba zai taɓa gaya maka ka isa ba. Amma idan ka rubuta cewa kana son ka gina ɗaki uku a filinka na Jega, ka biya kuɗin karatun ƙanne biyu har su gama, ka tara jarin injin ban-ruwa da na casar shinkafa, ko ka kammala digiri na biyu, to ka sami ma'auni. Ka sa wa kowanne kuɗi, ka sa wa dukansu shekaru, sannan ka nuna wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, mahaifi ne ko yaya ko malaminka, domin ranar da zuciya ta fara ƙara wa jerin sababbin buƙatu ya zama akwai mai tuna maka abin da ka faɗa da bakinka. Mai aure ya sa matarsa cikin wannan lissafi tun daga farko, domin shekarun da ake yankewa ba nasa ne shi kaɗai ba. Ita ce za ta zauna da yara da surukai tana ƙirga Sallah bayan Sallah. Haka ita ma malamar da ta bar miji ko iyaye.

Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, don haka idan ɗayanku ya biya buƙatarsa sai ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Hadisin bai hana tafiya ba, amma ya ɗaure ta da buƙata, kuma wanda bai fayyace buƙatarsa ba ba zai san ranar da ta biya ba.

Rarrabe ƙuncin da ke wucewa da wanda ba ya wucewa

A nan ne mafi yawan kuskure ke faruwa, don haka ya cancanci a tsaya. A 1960 wani masanin halayyar al'umma mai suna Kalervo Oberg ya bayyana matakan da baƙo kan bi a sabuwar ƙasa: da farko komai yana burge shi, sai kuma lokacin ƙunci ya zo inda komai ke ba shi haushi, daga nan ya fara farfaɗowa, har ya saba. Ba kowa ne ke bin matakan a jere ba, kuma ba su da ƙayyadadden lokaci, amma duk wanda ya zauna a waje zai gane na biyun. Shi ne lokacin da abincin ya gundure ka, yaren ya ƙi shiga, maƙwabta ba sa amsa sallama yadda ka saba, ka yi zazzaɓi babu mai leƙo ka. Wanda ya ajiye aiki a wannan mataki ya koma wata ƙasa, abin da ya yi shi ne ya koma matakin farko, ya ɗanɗani daɗin sabon wuri na 'yan watanni, sannan ya sake faɗawa cikin ƙuncin da ya gudu daga gare shi. Akwai malaman da suka yi shekaru suna wannan zagaye, sun ga ƙasashe da yawa, amma ba su taɓa zama a ɗaya har ta zama musu wurin zama ba.

Saboda haka ka ɗora wa kanka ƙa'ida: in dai ba cutarwa ake yi maka ba, kada ka yanke hukuncin tashi kafin ka kammala shekarar karatu guda cif. Kada kuma ka yanke shi a ranar da aka ɓata maka rai a makaranta, ko a makon jarrabawa da gajiya ta yi yawa, ko ranar Sallah da ka ga hotunan 'yan'uwa a filin idi kai kuwa kana cikin aji. Waɗannan ranaku ne na haƙuri, ba na lissafi ba.

Idan ƙuncin ya daɗe, ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da ke damunka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka yi wa kowanne tambaya guda: idan na koma waccan ƙasar, wannan abin zai biyo ni ko zai tsaya a nan? Shugaban makarantar da ke wulaƙanta ka zai tsaya a nan. Albashin da ba ya isa ko da ka tsuke bakin aljihu zai tsaya a nan. Amma kewar mahaifiya za ta biyo ka, kaɗaicin dare zai biyo ka, gajiya da koyar da darasi ɗaya zai biyo ka, buƙatun 'yan'uwa da ba sa ƙarewa su ma za su nemo sabuwar lambarka. Idan mafi yawan abin da ka rubuta masu biyo ka ne, to tikitin jirgi ba maganinsu ba ne. Wasu a cikinsu ana magance su a inda kake, wasu kuwa ba su da magani sai komawa gida, kuma gara ka gane haka da wuri da ka kashe shekara biyu a wata ƙasa ta uku kafin ka gane.

Bayan wannan sai shawara da istihara. Ka nemi wanda ya daɗe a ƙasar da kake hange, ba wanda ya sauka wata uku da suka wuce ba, domin shi har yanzu yana matakin da komai ke burge shi.

Lissafin da masu tashi ba sa yi

Tashi yana da kuɗi, kuma kuɗin ya wuce na jirgi. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadar wa ma'aikaci kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Amma idan shi ne ya ajiye aikin da kansa, wanda bai cika shekara 2 ba ba ya samun komai, wanda ke tsakanin shekara 2 zuwa 5 yana samun kashi ɗaya bisa uku ne kawai, wanda ke tsakanin 5 zuwa 10 kuma kashi biyu bisa uku. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sai ma'aikaci ya cika shekara 1 kafin ya cancanci sallama, wadda ake lissafawa a kan albashin kwana 21 na kowace shekara cikin biyar ɗin farko. Ka karanta kwantiraginka da dokar ƙasar da kake kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, domin wani lokaci jinkirin wata biyu ko uku shi ne bambancin fita da kuɗi da fita hannu rabbana.

Sai maganar takardu. Kusan kowace sabuwar ƙasa za ta nemi a tantance shaidar karatunka, abin da ke nufin bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar, ga takardar shaidar rashin aikata laifi, ga gwajin lafiya. Kowanne yana cin kuɗi da makonni. Kalandar makarantu ma ba ɗaya ba ce: a Japan shekarar karatu tana farawa a Afrilu, a Tailan a Mayu, a Saudiyya wajen ƙarshen Agusta, a Nijar kuwa a Oktoba. Wanda ya bar wuri bai lura da wannan ba zai iya zama wata huɗu ko biyar ba albashi, yana cin abin da ya tara, ga kuɗin kama sabon gida da sayen kayan ɗaki daga farko.

Kada kuma canjin kuɗi ya ruɗe ka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, kowane albashin waje idan aka juya shi zuwa naira sai ya zama kamar dukiya, amma ba da naira kake cin abinci ko biyan haya a can ba. Abin da za ka kwatanta tsakanin ƙasa da ƙasa shi ne abin da ke saura a hannunka ƙarshen wata bayan ka ci, ka sha, ka biya haya da mota. Ka duba kuma ƙarfin kuɗin ƙasar: riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, sefa kuma a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, yayin da kuɗin Turkiyya ya yi ta zubewa a shekarun baya-bayan nan, har albashin da aka yi yarjejeniya a kansa farkon shekara yakan rage daraja kafin ƙarshenta. Ƙaramin albashi a kuɗin da ke tsaye yakan fi babba a kuɗin da ke narkewa.

Babu kuma ƙasar da ke da tabbas. A Yulin 2021 gwamnatin Sin ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan makaranta a manyan fannoni, nan take ɗimbin malaman Turanci, har da masu koyarwa ta intanet daga wasu ƙasashe, suka rasa aiki. Kusa da mu, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024, sai ga wanda ke ganin Gaya da Kamba kamar unguwa ɗaya ya kasa zuwa gida cikin sauƙi. Don haka ko ka zauna ko ka tashi, ka ajiye kuɗin da zai riƙe ka wata uku tare da na komawa gida, kada ka taɓa su ko wa ya kira.

Yadda ake gina wadatar zuci a inda ake

Wadatar zuci ba ta saukowa don mutum ya ce wa kansa ya yi haƙuri. Akwai ayyukan da ke jawo ta. Na farko shi ne koyon yaren wurin. Abin mamaki ne malamin harshe ya yi shekara uku a ƙasa bai iya cinikin tumatir da yarenta ba, alhali kullum yana gaya wa ɗalibansa cewa ba a koyon harshe sai da amfani da shi. Wanda ke Saudiyya yana da tushen Larabci daga makarantar allo da Islamiyya, sai ya ɗora na kasuwa a kai. Wanda ke Yamai ko Dosso zai rayu da Hausa, amma Faransanci zai buɗe masa ofisoshi, Zabarmanci kuma zai buɗe masa gidajen mutane, kuma ga ɗan Dandi ko Bagudo wannan ba baƙon yare ba ne. Nijar ma ta cancanci a sake dubanta da idon basira, domin kundin da mahukuntanta suka fitar a 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sa Turanci tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ni a ganina matasanmu suna raina maƙwabta suna hangen nesa, alhali mai koyarwa a Gaya yana iya zuwa ɗaurin auren ƙanwarsa ya koma aiki ranar Litinin, wannan kuwa riba ce da ba a rubuta ta a takardar albashi.

Na biyu shi ne jama'a. Ka nemi masallacin da za ka riƙa salla a cikinsa har liman ya san fuskarka, ko cocin da za ka riƙa zuwa idan kai Kirista ne, domin baƙon da ba a san inda yake ibada ba babu mai lura da ranar da bai fito ba. Ka nemi 'yan'uwa Hausawa, ku ci tuwo tare ranar hutu, amma kada ka tsaya a kansu kawai. Ka yi aboki ko da ɗaya ne daga 'yan ƙasar, wanda zai kai ka asibiti ya kuma fassara maka takardar hukuma.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne aikin kansa. Gundurar malami sau da yawa alama ce cewa ya daina ƙaruwa. Wanda ya fita da digiri kawai ya nemi shaidar koyar da Turanci mai suna CELTA ta Jami'ar Cambridge da ke Ingila, wadda ke ɗaukar kimanin sa'o'i 120 tare da sa'o'i 6 na koyarwa a gaban masu auna shi. Wanda ya goge ya nemi shaidar Delta, wadda ke gaba da CELTA, ko digiri na biyu a fannin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Ka nemi a ba ka ajin masu shirin jarrabawar IELTS, wadda ke auna Turancin masu neman karatu ko aiki a waje, ko na ma'aikatan lafiya, ko na ƙananan yara idan manya ka saba koyarwa. Waɗannan ne ke mayar da baƙon malami daga wanda ake iya sauyawa gobe zuwa wanda makaranta ke tsoron rasawa, su ne kuma hanya mafi inganci ta rage tasirin wariyar fasfo, ko da ba za su kawar da ita duka ba. Ka kuma lura da ɗalibanka. Ranar da yaron da ya shigo ajinka ba ya iya haɗa jimla ya tsaya ya yi bayani na minti biyar, ka tsaya ka ji daɗin abin, domin wannan yana cikin ladan sana'ar, kuma wanda hankalinsa ke kan tallan aiki na gaba ba ya ganinsa.

Game da kuɗin gida, ka yanke adadin da za ka riƙa turawa kowane wata, ka sanar da babban gida, ka tsaya a kai. Malamin da ke amsa kowane kira da tura kuɗi zai ga albashinsa bai isa ba ko nawa ne, sai ya zaci laifin ƙasar ne, ya fara neman wata. Zaurukan waya kuma ka ware musu rana ɗaya a mako. Muslim ya ruwaito umarnin Annabi cewa a dubi wanda ke ƙasa, kada a dubi wanda ke sama, domin hakan ya fi kusa da hana raina ni'imar Allah. Wanda ya tuna abokan karatunsa da ke koyarwa a makarantun kuɗi na gida a kan albashin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba zai fahimci inda wannan umarni ya dosa.

Inda haƙuri ba ya cikin addini ko hankali

Duk abin da ya gabata bai shafi wanda ake zalunta ba. Idan mai makaranta ya karɓe fasfonka ya ƙi mayarwa, abin da dokokin Saudiyya da na Daular Larabawa suka haramta, ko aka riƙe albashinka wata da watanni, ko aka sa ka koyarwa da bizar yawon buɗe ido ana ta yi maka alkawarin takardar aiki, ko malama ta ga ana neman mutuncinta, to wannan ba ƙuncin baƙunta ba ne, kuma ba a jiran shekara ta cika. Ka adana kwafin kwantiragi da fasfo da takardun albashi a wurin da ba makaranta ba, ka kai ƙara ofishin ƙwadago na ƙasar, ka sanar da ofishin jakadancin Nijeriya, idan kuma dillali ne ya yaudare ka tun daga gida, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane an kafa ta ne tun 2003 domin irin wannan. Kunyar a ce ka dawo ba ka samo komai ba ta sa mutane da yawa sun zauna cikin bauta, kuma iyaye da 'yan'uwa suna da alhaki a nan: duk wanda ɗansa ya kira ya ce ana cutar da shi, kada amsar farko ta zama a yi haƙuri.

Akwai kuma wani zaman da ake kira wadatar zuci alhali sakaci ne. Shi ne na malamin da ya sami wuri mai sanyi, aiki ba wuya, ya yi shekara goma yana sabunta kwantiragi, bai ƙara ilimi ba, bai ajiye komai ba, 'ya'yansa sun girma a waya. Yawancin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ba sa ba baƙon ma'aikaci zama na dindindin cikin sauƙi. Iznin zamansa a ɗaure yake da aikinsa, ranar da aikin ya ƙare zaman ma ya ƙare. Irin wannan malami ya fi kowa buƙatar ya ciro takardar nan da ya rubuta buƙatunsa ya duba, ko sun cika ya kamo hanya, ko ba su cika ba ya tambayi kansa inda kuɗin shekara goma suka shiga.

Idan lokacin komawa ya yi

Ka fara shiri tun saura shekara guda. Ka karɓi takardar shaidar aiki daga kowace makarantar da ka koyar, mai ɗauke da kwanan wata da hatimi, tun kana wurin, domin bayan ka tafi da wuya a amsa saƙonka. Ka tabbatar rajistarka da hukumar rajistar malamai ta ƙasa tana nan daram, idan kuma hutun rashin albashi ka ɗauka daga aikin gwamnati, ka bincika matsayinsa kafin wa'adin ya wuce. Ka daidaita dawowarka da farkon shekarar karatu a Satumba idan koyarwa za ka ci gaba da yi, ko da lokacin noman rani idan fadama ka nufa. Wanda ya ƙware a shirya ɗalibai ga IELTS yana da abin sayarwa a Birnin Kebbi da Sakkwato, inda ma'aikatan jinya da masu neman gurbin karatu a waje ke buƙatar mai koya musu.

Ka sa rai cewa rashin natsuwar za ta biyo ka gida. Ɗauke wuta da zafin watan Afrilu da jinkirin ofisoshi za su dame ka fiye da yadda suke yi kafin ka tafi, mutane kuma za su ɗauka ka dawo da abin da ya fi wanda ka dawo da shi. Ƙa'idar da ka bi a can ita za ka bi a nan: ka ba gida shekara guda cif kafin ka buɗe wani tallan aiki, kuma kuɗin wata ukun nan da ka ajiye kada ka zuba su cikin gini ko biki, ka riƙe su har sabuwar sana'ar ta fara kawo nata.